Muna Ɗaure Shaiɗan Da Dare, Sabon Tuba Yana Kwana Da Yunwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, kowane daren Juma'a majami'unmu na Sabon Gari a cike suke. Muna karanta Afisawa sura 6, muna tsauta wa aljanu har asuba. To, ranar Litinin fa?

Saurayi daga Rijiyar Lemo zai karɓi Ubangiji, mu tsayar da shi gaban ikilisiya ya ba da shaida, mu yi ta tafi. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kantin Kwari, maigidansa ya karɓe makullin shago, kawunsa ya fitar masa da kaya waje. In ya zo wurinmu sai mu ɗora masa hannu, mu sallame shi da kuɗin mota. Alhali cikin dattawanmu akwai masu shago biyu, uku a kasuwar Sabon Gari, amma yaron shago sai an ɗauko shi daga ƙauyensu. Wai wannan Bahaushe ne, ƙila turo shi aka yi.

Mun san inda tsoron ya samo asali. Mun ga Oktoban 1991 lokacin zuwan Bonnke, mun ga Mayun 2004 bayan rikicin Yelwa. Amma mu muna da garin da za mu gudu mu koma. Shi ina za shi?

Da Bulus ya isa Korinti, Akila da Biriskila masauki suka ba shi, suka yi sana'ar ɗinkin tanti tare. Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikilisiya, kafin baftisma mai zuwa a rubuta sunan wanda zai ɗauki kowane sabon tuba aiki, da nawa zai riƙa biyansa a wata.