Ƙungiya ta biyu a ƙaramar gasa: gardamar Ƙofar Ruwa da darasin Beyond Limits

A kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake hada-hadar rodi da kwanon rufi da kayan gyaran mota, hirar ƙwallon ƙafa kan kaure ne idan ciniki ya lafa bayan La'asar. Daga cikin batutuwan da ke raba kan magoya bayan Kano Pillars a irin wannan majalisa akwai tambaya guda: shin ya dace manyan ƙungiyoyin Firimiyar Najeriya su riƙa zuba ƙungiyarsu ta biyu, wato ta matasa da 'yan benci, a cikin gasar rukuni na biyu, NNL, ko ta rukuni na uku, NLO, su fafata da ƙungiyoyi masu zaman kansu a kan maki?

Masu goyon baya suna da hujja mai nauyi. Yaro ɗan shekara 18 da ya fi ƙarfin wasan sa'o'insa, amma bai kai ya ƙwace riga a hannun manya ba, yakan ƙare ne a benci ko a wasannin sada zumunta da ba a cin komai ba a rasa komai. Ƙa'idojin lasisin ƙungiyoyi na CAF sun wajabta wa kowace babbar ƙungiya ta mallaki ɓangaren matasa, sai dai mallakar ƙungiya daban, samar mata da wasa mai zafi kowane mako daban. Gasar Ramat da ake yi a Kano duk shekara da sauran gasannin yara kwanaki kaɗan ne, ana tashi kowa ya kama gabansa. Ahmed Musa kansa da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya samu wannan damar ne domin Pillars ta jefa shi cikin manya tun yana ɗan ƙasa da shekara 18. Ba kowane koci ne zai yi wannan kasada ba alhali kujerarsa na rawa.

'Yan gidan kallo kuwa misalin Sifaniya suke kawowa, kuma sun san shi ciki da bai. Pep Guardiola ya horar da Barcelona B a kakar 2007/2008 a rukuni na huɗu, inda Sergio Busquets da Pedro suka sha gwagwarmaya da magidanta a ƙananan filaye, kafin ya haura da su babbar ƙungiya. Italiya ta bi sahu a 2018 da Juventus ta saka 'yan ƙasa da shekara 23 a Serie C, Atalanta ta biyo baya a 2023.

Abin da masu wannan misali kan tsallake shi ne katangar da aka gina wa tsarin. A Sifaniya ƙungiya ta biyu ba ta zama rukuni ɗaya da uwarta ko da ta cinye kowa. Castilla, ƙungiya ta biyu ta Real Madrid, ta lashe rukuni na biyu a kakar 1983/1984, ba ta haura ba. A 2012 da Villarreal ta faɗo, an tura Villarreal B ƙasa ala tilas, ko da yake makinta ya ishe ta zama. Bayan da Castilla ta kai wasan ƙarshe na kofin Sarki a 1980 ta gamu da Real Madrid, aka ci ta 6-1, daga baya an rufe wa irin waɗannan ƙungiyoyi ƙofar kofin baki ɗaya. A Jamus ba sa wuce rukuni na uku. A Ingila kuwa an yi watsi da shawarar a 2014, da aka shigo da ƙungiyoyin matasa ta bayan gida cikin kofin EFL Trophy a 2016, magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi sun ƙaurace wa filaye.

Ba sai an je Turai ba, Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin. Beyond Limits ta garin Ikenne a Jihar Ogun makarantar horar da 'yan wasa ce ta Kunle Soname, mai ƙungiyar Remo Stars. A 2024 yaranta suka lashe gasar matasa ta Viareggio a Italiya, a shekarar kuma suka sami gurbin haurowa Firimiya daga NNL. Nan aka yi cirko-cirko, domin mutum ɗaya ba zai riƙe ƙungiya biyu a gasa ɗaya ba. Gurbin bai koma ga ƙungiyar da ta biyo bayansu a NNL ba. Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo daga Firimiya a wannan kakar, ita ce ta karɓe shi ta ci gaba da zamanta, sannan ta sake faɗuwa a 2025, shekarar da Remo Stars ta ɗauki kofin gasar karo na farko.

Duka ɓangarorin gardamar suna iya kafa hujja da wannan labari. Tsarin ya yi wa Soname rana, ya fitar da 'yan wasa, ya ci kofi. Amma ƙungiyoyin da suka kashe kuɗin mota da masauki da alawus tsawon kaka, suka sha kashi a hannun yaran da tun farko ba su da ikon haurowa, sun ga gurbin da suka yi wa gumi ya faɗa hannun wadda filin wasa ya riga ya yanke wa hukunci. A ƙasar da sauya hannun gurbi ya zama ruwan dare, ƙungiya ta biyu a NNL tana iya zama masana'antar ƙera gurbi, a ci a sayar, shekara ta zagayo a sake.

Akwai kuma zancen zargi, wanda shi ne ya fi damun dattawan majalisa. Ƙungiyar da ba ta haurowa ba ta da abin nema a makonnin ƙarshe. Yau ta fito da 'yan wasa uku da aka sauko da su daga babbar ƙungiya ta lallasa wani, mako mai zuwa ta fito da yara zalla a ci ta. Ko babu hannun kowa, wanda abin ya shafa ba zai yarda ba, balle a gasar da cin wasa a waje ya daɗe yana wuya, ana kuma yawan ƙorafi a kan alƙalan wasa.

Ga Kano lamarin yana da wata fuska. Pillars ta gwamnatin jiha ce, daga baitulmali ake ciyar da ita tun kafuwarta a 1990, da kofunan gasarta huɗu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ƙungiyoyin unguwanni na Dala da Gwammaja da Kurna da Fagge kuwa, karo-karon 'yan kasuwa ke riƙe da su, wani ya sayi riguna, wani ya biya kuɗin mota, koci ya yi aiki kyauta. Su ne ke tsinto yaro a filin makaranta yana ɗan shekara 12. Idan ƙungiya ta biyu ta Sai Masu Gida ta sauko rukuninsu da kuɗin gwamnati da sunan da kowane yaro ke mafarki, za ta kwashe zaƙaƙuransu tun kafin su nuna, sau da yawa ba tare da ko sisin diyyar horarwa ba. Haurowar Barau FC zuwa Firimiya a 2025 ta nuna cewa Kano na iya ɗaukar babbar ƙungiya fiye da ɗaya, kuma tsanin da ta taka shi ne NNL ɗin da ake son cika wa da ƙungiyoyin da ba za su hau ba. Ita kanta Pillars ta wannan tsani ta dawo a 2023 bayan faɗuwar 2022. Da a ce tana da ƙungiya ta biyu a can, da sai an kore ta ƙasa kafin uwar ta samu wurin zama.

Saboda haka matsayin da ya fi kusa da adalci shi ne a tsayar da ƙungiya ta biyu a NLO, kada ta wuce. A ƙayyade shekarun 'yan wasanta, a rufe saukar da 'yan babbar ƙungiya a wasannin ƙarshen kaka, a kuma rubuta ƙarara cewa duk gurbin da ta ci na wadda ke biye da ita ne a teburi, ba na sayarwa ba. Ahmed Musa, wanda aka naɗa babban manajan Pillars a watan Yulin 2025, yana da wata hanyar da ba ta buƙatar izinin NFF: ƙulla yarjejeniya a rubuce da ƙungiyoyin Kano da ke ƙananan rukunai, a ba su aron matasan Pillars kaka guda, Pillars ta biya alawus ɗinsu, ƙungiyar da ta raini yaro kuma ta samu kasonta ranar da aka sayar da shi.