Doki Ma Yakan Gaji Da Zaman Turke

A wannan makon zan ajiye maganar siyasa da tsadar kaya, in leƙa barga.

Kwanan baya na kai ziyara gidan wani dattijo mai sha'awar dawaki, na tarar da wani akawali ƙosasshe a ɗaure, ya tone ƙasar gindin turkensa har ta yi rami, yana ta kaɗa kai dama da hagu. Na tambayi ɗan barga ko lafiya, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai halinsa ke nan, mugu ne." Alhali kuwa ga dusa, ga harawa, ga kanwa. Da na bi diddigi sai na ji rabonsa da fita tun hawan Sallah Ƙarama. To, ni ban ga mugunta ba, na dai ga dabbar da zama ya ishe ta.

Dalili kuwa shi ne, Allah ya halicci doki don yawo. In an sake shi a makiyaya yakan yi awa 14 zuwa 16 kowace rana yana kiwo yana tafiya, kuma cikin 'yan'uwansa. Tumbinsa ƙarami ne, an yi shi don ci kaɗan-kaɗan yini guda. Mu kuwa sai mu ɗaure shi wuri ɗaya, mu zuba masa abincin da zai cinye cikin awa biyu, sa'an nan mu yi mamaki don ya koyi gaigayar itace da cizo da harbi. Ran Sallah kuma a ɗora masa sirdi da kayan ado, a kutsa da shi cikin dubban mutane, ga kakaki, ga tambari, ga bindigogi suna tashi. In ya yi tutsu ya tattake yaron wani, sai a ce tsautsayi ne.

Kilisa ita ce maganin da muka gada, amma ba kullum ake samun mahayi ba. Saboda haka masana dawaki na ƙasashen waje suka ba da ƙarfi ga wasannin da mutum zai yi da doki yana tsaye a ƙasa, ba sirdi ba linzami, sai ragama da igiya. Abin ba sabo ba ne. Wani Bagirike, Zenofon, ya rubuta littafi kan kula da doki fiye da shekara 2,300 da suka wuce, inda ya yi nasiha a bi da doki cikin taron jama'a tun yana ƙarami don ya saba, kuma kada a hore shi cikin fushi. A shahararriyar makarantar dawaki ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, da igiya ake fara koyar da ingarma kafin a hau shi. A Amurka kuma wani mai horar da dawaki, Pat Parelli, ya shahara da wasanni bakwai da ya tsara na irin wannan.

Tushen abin guda ne, watau matsi da sassauci. Ka ja ragama a hankali, da zarar doki ya ɗaga ƙafa ya nufo ka, sai ka saki nan take. Sakin nan shi ne ladansa, shi ne kuma yake gaya masa ya yi daidai. Wanda ya ci gaba da ja bayan doki ya bi, ya koya masa cewa biyayya ba ta da amfani. Da wannan za ka koya masa ya tafi in ka tafi, ya tsaya in ka tsaya, ya ja da baya taki uku in ka girgiza igiya, ya kau da gindinsa in ka taɓa kwiɓinsa. Duk abin da ka yi ta hagu kuwa ka maimaita ta dama, domin doki ba lalle ne ya yarda da abu ta wannan gefe don ya san shi ta wancan ba.

In wannan ya zauna, sai a shigo da kayan wasa, ba kuwa sai an sayo kome ba. Shimfiɗa gora ko azara huɗu a ƙasa, tsakaninsu kamar taki guda na mutum, ka bi da shi yana tsallakawa. Jera jarkoki ka riƙa zagaya su da shi. Ajiye sanduna biyu kamar lungu, ka sa ya shiga ya fito da baya. Za ka ga kunnuwansa sun miƙe, ya sunkuyar da kai yana duban inda zai sa kofato. Dokin da ke tunani ke nan.

Wasan da na fi ganin amfaninsa a wurinmu shi ne na sabo da abin tsoro. Ɗauki tabarma, ko laima, ko tuta, ko ledar nan mai ƙara, ka tsaya da ita daga nesa. In ya zabura kada ka matsa, kada kuma ka buge shi. Jira har ya saki jiki ya miƙo hanci yana shinshina, sa'an nan ka janye abin. Gobe ka ƙara matsowa kaɗan. A haka har ya taka tabarmar, har a buɗe laima bisa kansa, har a buga ganga kusa da shi bai damu ba. Haka 'yan sanda masu dawaki suke shirya nasu kafin su shiga taro. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma tun hawan da aka yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC baƙi suke zuwa kallonmu. Abin kunya ne a ce muna kashe dukiya a kan jalala da likkafa, amma ba mu da minti 15 na shirya dabbar da za ta ɗauke su.

Akwai kuma kewaye, inda mutum zai tsaya tsakiya da igiya mai tsawon kamar mita 8, doki yana zagaya shi. Yana da kyau, amma kada ya wuce minti 20, a riƙa sauya hannu, kuma a rangwanta wa ɗan duƙushi, don zagaye yana gajiyar da gaɓoɓi.

Sai gargaɗi. Kada ka naɗe igiya a hannunka, mutane sun rasa yatsu ta haka. Kada ka tsaya daidai bayansa, don nan ne idonsa ba ya kaiwa. Kada a yi wasannin nan da linzaminmu na gargajiya, kaifinsa ya yi yawa. A sauya wasa kowace rana, a kuma tsaya lokacin da ya yi daidai, ba sai ya gundura ba. In kuwa doki mai kuzari ya yi sanyi farat ɗaya, a kira likitan dabbobi ya duba haƙori da kofato da gadon baya tukuna.

Na koma gidan dattijon nan bayan mako uku. Akawali bai daina kaɗa kai gaba ɗaya ba, domin irin wannan hali in ya kama da wuya ya saki, amma na iske ɗan barga yana bi da shi bisa wata tsohuwar tabarma, an kuma cike ramin gindin turke. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.