Dattawa, mu auna nauyin babur kafin mu saya



Bara na sayi Suzuki DR650 na hannu, babur mai bin kwalta da jeji. Kullum da safe sai ya ƙi tashi. Na canza fulogi da batir, ba a dace ba. Ashe tsohon fetur ne ya toshe kabureta, matatar iska kuma ta cika da ƙura. Da bakanike ya wanke su, bugu ɗaya ya tashi.

Abin da ya fi damuna nauyinsa ne, kusan kilo 166. Ranar da ya faɗi cikin yashi, na kasa ɗaga shi. Yamaha XT250 kuwa kusan kilo 132 ne. Dattawa 'yan'uwana, mu zaɓi babur da za mu iya ɗagawa mu kaɗai.

Naku,
Mai karatu daga Damagaram