Zuma waraka ce, amma a jira jariri ya shekara

'Yan uwa, wani magidanci ya aiko mini da tambaya, ya ce: Malam, na gani a waya ana cewa zuma ba ta lalacewa domin ƙwayar cuta ba ta rayuwa a cikinta. To in haka ne, me ya sa ma'aikatan asibiti suka hana mu ba jariri, alhali Allah Ya ambaci warakarta a Suratun Nahli?

Tambaya ce mai kyau, kuma ina tare da 'yan asibiti a wannan magana, duk da cewa zuma tana cikin abin da nake sayarwa.

Mu fara da abin da ya gani a waya, don akwai gaskiya a ciki. Ruwan furen da ƙudan zuma ke tsotsowa mafi yawansa ruwa ne tsagwaron sa. Sai su zuba shi a saƙa, su yi ta fifita shi da fukafukansu har ruwan ya ragu zuwa kamar kashi 17 ko 18 cikin 100, sannan su like bakin da kaki. Abin da ya rage kusan duk sukari ne mai kauri, wanda in ƙwayar cuta ta faɗa ciki sai ya zuƙe ruwan jikinta. Ga ɗan tsami da zumar ke da shi, ga wani sinadari da ƙudan ke zubawa mai kashe ƙwayoyi. Subhanallah. Af, tunda mun zo nan, zumar da ta daskare da hunturu ba lallai jabu ba ce, sukarinta ne ya haɗu, a daina zagin masu amya a kan wannan.

To amma akwai wata ƙwaya da ke cikin ƙasa da ƙura, wadda in ta ga wuri bai yi mata ba sai ta shige cikin ɓawo ta kwanta, kamar irin ciyawa da rani. Ba ta girma a cikin zuma, amma kuma ba ta mutuwa. Ni da kai in mun sha, ƙwayoyin amfani da suka cika hanjinmu ba za su ba ta wurin tsira ba, sai ta wuce. Jariri kuwa hanjinsa sabon fili ne. Nan take samun damina, ta tsiro, ta saki guba mai kashe jijiyoyin motsi. Likitoci suna ce wa ciwon botulizim na jarirai, kuma a 1976 aka fara tantance shi a Kalifoniya ta Amurka.

Wani zai ce sai in tafasa zumar. Ba ya yi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa ɓawon nan sai an kai shi wajen 121 a tukunyar matsi. Kuma ba maganar tsafta ba ce ko jabu, zumar da aka ɗebo daga kogon itace ma tana iya ɗauke da ita.

Yanzu ga inda ake kai ruwa rana, wato tahniki. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne Nana Asma'u 'yar Abubakar ta kawo Abdullahi ɗan Zubairu wurin Manzon Allah (SAW), ya tauna dabino ya shafa masa a ganɗa. Haka aka yi wa ɗan Abu Ɗalha da Anas ya kawo. Dabino ne. Eh, wasu manyan malamai sun ce in babu dabino a nemi wani abu mai zaƙi, har suka fifita zuma. Wannan ijtihadinsu ne bisa sanin zamaninsu, Allah Ya saka musu, babu madubin ganin ƙwayar cuta a lokacin. Da sun san abin da aka sani yau, su ne suka koya mana cewa ana kawar da cutarwa. Kuma wane gari ne yau babu dabino?

Ayar kuma ba ta ce kowa ya sha a kowane hali ba. Mai ciwon sukari ma muna ƙayyade masa, ba wanda ya ce mun musa Alƙur'ani.

Na san iyayenmu mata za su ce mun ba 'ya'yanmu goma ba abin da ya same su. Gaskiya ne, Hajiya, ciwon ba ya da yawa, kuma ana samun sa ta ƙura ko ba a sha zuma ba. Amma ƙura ba a hannunmu take ba, cokali kuwa a hannunmu yake. Wanda ya kamu yakan kai ga buƙatar na'urar numfashi na makonni, ku duba tsakanin gidanku da asibitin da ke da ita. Kuma jaririn ba abin da ya rasa, dakashin uwarsa da nononta sun wadace shi har wata 6.

Saboda haka kada a lasa masa, kada a shafa a kan nono, kada a zuba a jiƙo ko koko sai ya cika wata 12. Uwa mai shayarwa ita ta sha abinta, ba ya bi ta nono. Bayan shekara kuwa, ƙaramin cokali guda da dare yana sassauta wa yaro tari.

In kuma an riga an ba shi, kada hankali ya tashi, a sa ido kamar wata guda. In ya kwana uku bai yi bahaya ba, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dushe, fatar idonsa tana rufuwa, ko wuyansa ya saki bayan da yana tsayawa, kada a zo wurina neman jiƙo. A kai shi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita cewa ya sha zuma.

Wallahu a'alam.