Dajin Kowa, Ƙofar Mutum Ɗaya

An sha yi mana kurin cewa a Amurka ko talaka yana farautar barewa: ya yanki lasisi, ya faɗa dajin gwamnati. To, mu dai ba mu haɗiyi wannan magana ɗungurungum ba. Gaskiya ne hukumar kula da filayen tarayya kaɗai tana riƙe da eka wajen miliyan 245. Amma ina amfanin daji in babu hanyar shigarsa?

Dubi jihar Wayomin. Tun rabon filaye ga kamfanonin jirgin ƙasa a shekarun 1860, filin gwamnati da na masu hali a cakuɗe suke kamar gidajen dara, kusurwa tana taɓa kusurwa. A 2021 wasu mafarauta huɗu daga Misuri suka kafa tsani, suka tsallaka daga filin gwamnati zuwa wani filin gwamnati, ƙafarsu ba ta taka ƙasar kowa ba. Sai attajirin da ke da makiyayar wurin ya maka su kotu yana neman miliyoyin daloli, wai sun ratsa iskar da ke saman filinsa. Iska fa, jama'a! A 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar musu da gaskiyarsu.

A ganinmu ba iska attajirin yake karewa ba. So yake dajin jama'a ya zama gandunsa. Shi kuwa mafarauci, wanda harajin bindigarsa da harsashinsa ke ɗaukar nauyin kula da namun dajin nan tun dokar 1937, ya tsaya bakin shinge yana leƙe.