SHARHI: Manhajojin Banki Da 'Yan Kasuwar Nguru Da Gashuwa

Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a shekarar 1930, garin ya zama matattarar ƙaro, da fatu da ƙiraga, da gyaɗa, da dabbobi. Gashuwa kuwa, wadda ke bakin kogin Yobe, ta yi suna wajen kifi da shinkafa. Cinikin waɗannan garuruwa na miliyoyin naira ne, amma har yanzu ɗan kasuwa ya fi amincewa da tsabar kuɗi. Akan ɗora laifin wannan a kan jahilci ko ƙin zamani. Hukuncin bai yi adalci ba, domin babban laifin yana ga yadda aka tsara shafuka da manhajojin da ake so jama'a su yi hulɗa da su.

Abin da ya faru a farkon shekarar 2023 ya isa shaida. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, kowa ya koma ga waya ala tilas. Manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin, kuɗi suka riƙa maƙalewa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Mai ɗanyen kifi kuwa ba ya iya jiran gobe. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint, waɗanda hanyoyinsu suka fi sauƙi da sauri, su ne suka kwashi abokan ciniki. Haka kuma kuɗin eNaira da aka ƙaddamar a Oktoban 2021 ya fara ne da manhajar babbar waya, sai a 2022 aka buɗe lambar *997# domin masu ƙananan wayoyi.

Matsalolin a bayyane suke. Yawancin shafukan da Turanci aka rubuta su, alhali Hausa ce harshen kasuwa tsakanin Manga da Bade da Fulani. Shafukan cike suke da hotunan talla masu cinye data, masu jinkirin buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi. Rubutun ƙanana ne, dattijo mai raunin gani ba ya iya karantawa. Idan aikawa ta gaza, saƙon da ke fitowa ba ya gaya wa mutum ko kuɗinsa sun tafi ko suna nan. A ƙarshe sai ya nufi mai POS, ya biya lada, wani lokaci har ya bayyana lambarsa ta sirri ga baƙo.

Gyaran bai fi ƙarfin bankuna ba. Ya kamata zaɓin Hausa ya zo tun a shafin farko, da manyan haruffa da matakai kaɗan. Mutanen da suka saba aika saƙon murya ta WhatsApp za su karɓi manhajar da ke karanta musu adadin kuɗi da sunan mai karɓa kafin su amince. Kafin a fitar da kowace manhaja, a gwada ta a hannun dillalan kara da masu kifi. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana da ɗaliban da za su iya wannan aiki.

Bankin da ya fara yin haka zai samu ajiyar da a yau take kwance cikin buhu da aljihu. Wanda ya yi jinkiri kuwa, zai tarar wasu sun riga shi cin kasuwar.