Ɗigon Ruwa Mai Ƙera Magani: Kar Ka Yi Saurin Cewa Ba Ruwanmu

Idan kana yawan shiga TikTok ko Facebook, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon da ke cewa Turawa sun fara "ƙirƙirar rai" a ɗakin gwaji. Kafin ka danna ka tura wa mutanen guruf, tsaya mu duba abin da ake nufi.

Ƙwayar halitta kamar shagon tela take. A ciki akwai kekunan ɗinki masu haɗa furotin, ita kuma DNA ita ce takardar awo da ke faɗa musu abin da za su ɗinka. Masana sun gano ana iya fasa ƙwayar baktiriya, a kwashe kekunan, a ba su awo da kayan aiki, su ci gaba da ɗinki ba tare da shagon ba. Ba sabon abu ba ne fa. A 1961, Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei a Amurka sun yi amfani da irin wannan ruwan wajen fara karanta harshen DNA.

Abin da ya ƙaru yanzu shi ne, ana tura ruwan ta cikin hanyoyi sirara kamar gashin kai, ya haɗu da mai, ya yanke zuwa ɗigo-ɗigo dubbai, kowane ɗigo ƙaramin shago ne mai zaman kansa. Shi ake kira ƙwayar halitta ta kwaikwayo. Ba ya haihuwa, ba ya ci gaba da rayuwa, kayan aiki na ƙarewa sai ya tsaya. Wannan ba halitta ba ce, aron kayan aiki ne daga abin da aka riga aka halitta.

To ina ruwanka? Ka san yadda wuta take a Kawo, Unguwar Dosa ko Malali. Allurar rigakafi da insulin sai da firji, idan sanyi ya yanke a hanya, maganin na iya lalacewa. A 2014, tawagar James Collins a Boston ta nuna ana iya busar da wannan ruwan a kan takarda, a ajiye ba firji, ranar da ake bukata a ɗiga masa ruwa ya farka. A 2016 sun yi gwajin cutar Zika da shi: takarda ta sauya launi idan cutar na nan. Ka ga fasahar da ta fi dacewa da ƙasar da ke fama da zafi da ɗaukewar wuta.

Gaskiya, yawancin aikin yana matakin bincike, kuma kayan na da tsada. Amma a nan ne nake ganin damarmu. Idan muka jira sai an gama, za mu saya da dala, kuma cututtukan da suka dame mu, kamar sammore da ke kashe shanunmu, ba su ne gaba a jerin kamfanonin waje ba.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. A Unguwar Rimi akwai Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Ƙasa, wadda tun shekarun 1940 take aiki kan ƙudan tsando. Ga KASU a titin Tafawa Balewa, ga ABU Zariya da cibiyarta ta binciken cututtukan da duniya ta yi watsi da su.

Don haka kai ko ke da ke karanta kimiyyar sinadaran jiki ko ta ƙananan halittu kuna kukan "ba aiki", ku nemi malaminku ku tambaye shi ko aikin kammala digirinku zai iya taɓa wannan fanni. Datar da ke ƙarewa a bidiyon tsoratarwa ta isa sauke takardun binciken nan guda biyu ko uku.